Wai in Niyu Zilan na mulkin kanta tun 1856, me ya sa jirgin ruwa da kotu da lambar yabo suka daɗe a hannun Landan?

Bagobiri_77: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya ɗaure min kai ina son masana su warware min. An ce Niyu Zilan tun 1856 suke da gwamnatin kansu, majalisa tasu, firimiya nasu, haraji su ke karɓa su ke kashewa. To amma sai na ga dokar jiragen ruwansu daga Landan take, shari'ar da ta gagari kotunansu Landan ake kai ta har 2003, kai hatta lambar jarumta da za a liƙa wa sojansu a ƙirji sai Sarauniya ta yarda. Wannan wane irin mulkin kai ne don Allah? Ni a ganina mulkin mallaka ne kawai aka shafa masa hoda.

Sarkin_Gardama: Ai ka amsa wa kanka da kanka. Bature ba ya sakin abu gaba ɗaya, ko ga ɗan'uwansa Bature.

MalamTarihi: Wa alaikumus salam. Bagobiri a yi a hankali, kar a haɗa su da mu a kwando ɗaya. Mulkin kan nasu na gaske ne a cikin gida, gwamnan da Landan ta turo yana nan amma a harkar yau da kullum abin da ministoci suka ce shi yake sa wa hannu, filaye, kasafin kuɗi, layin dogo, makarantu duk nasu ne, har a 1893 suka ba mata 'yancin jefa ƙuri'a alhali Ingila ba ta yi ba sai 1918, shi ma ba duka mata ba. Abin da Landan ta riƙe shi ne duk abin da ya tsallaka bakin teku ko ya shafi sunan Sarauniya. Ka duba abubuwa ukun da ka lissafa, jirgi teku yake bi ya shiga tashar wasu, ɗaukaka ƙara a tsarinsu koke ne da talaka ke kai wa mai sarauta, lambar yabo kuma kyauta ce daga hannun mai sarauta. Ka ga duk igiya ɗaya ce.

Umman_Sadiq: Wato kamar ɗa ne a gandu, an yi masa aure an ware masa sashensa da tukunyarsa, amma makullin rumbu na aljihun maigida.

MalamTarihi: Kusan haka Hajiya, sai dai wannan ɗan shi da kansa ya daɗe yana cewa a bar makullin a wurin baba.

Lauya_Kd: Bari in shigo ta ɓangaren doka tunda nan ne abincina. Akwai dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 1865 kan ingancin dokokin ƙasashen da ke ƙarƙashinta, mutane na ɗauka don ta ɗaure su aka yi ta, alhali don ta sassauta musu ne. Dalili, wani alƙali a Kudancin Ostireliya mai suna Benjamin Boothby ya addabi kowa, duk dokar da majalisar can ta yi sai ya ce ta saɓa wa dokar Ingila saboda haka ba ta da inganci, har abin ya kai ba a san wace doka ce ke aiki ba. Sai Landan ta yanke magana, ta ce dokar ƙasa irin wannan ba ta rushewa don kawai ta bambanta da abin da aka saba a Ingila, sai in ta yi karo da wata doka ta majalisar Birtaniya wadda aka yi musamman ta shafi ƙasar. Shi kuma Boothby aka sauke shi a 1867. To amma wannan ƙofar da aka bari, wato dokokin da aka yi musamman su shafe su, ta nan dokar jiragen ruwa ta shigo ta zauna daram.

Sannan akwai ƙa'ida ta biyu, cewa dokarsu ba ta tsallake iyakarsu. Misalin da ake koyarwa shi ne na wani Macleod, ya yi aure a New South Wales ta Ostireliya, matar na raye ya je Amurka garin St Louis ya sake auren wata, da ya dawo aka kama shi aka ɗaure shi kan laifin auren mata biyu. Ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Privy Council a Landan, wato kotun ƙoli ta ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya, a 1891 suka soke hukuncin, suka ce dokar New South Wales ba ta kai ga abin da aka aikata a Amurka ba.

Umman_Sadiq: Ikon Allah, wato ya yi mata kishiya kuma Landan ta wanke shi. Maza dai ko'ina halinku ɗaya.

Sarkin_Gardama: Hajiya mu da ba sai mun je St Louis ba 😂

Bagobiri_77: Barista na gode, amma wannan ai Ostireliya ce, ni Niyu Zilan na tambaya.

Lauya_Kd: Kotun ɗaya ce ɗan'uwa, kuma ƙa'idar da ta shimfiɗa a can ita alƙalan Wellington, babban birnin Niyu Zilan, za su duba. Shi ya sa maganar jirgi ta zama matsala, don jirgi yana barin tasha da 'yan mil kaɗan ya fita daga inda dokarsu take da ƙarfi.

Matuƙin_Apapa: Yauwa an zo wurina. Ni aikin jirgin dakon kaya nake yi, kuma wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane nauyin takardar rajista ba. Jirgi ba mota ba ne da za ka ce ai na san mai ita. Kuna shiga tasha jami'ai za su hau, kafin a gaisa ma kyaftin ya fito da fayil, rajista, takardar awon jirgi, jerin ma'aikata, takardun ƙwarewa na kowa, in ɗaya ta samu matsala a nan za ku kwana kuna kallon gari daga nesa kuna cin shinkafa da kifin gwangwani. Tutar da ke bayan jirgi ita ke faɗin dokar wace ƙasa ce ke aiki a cikinsa, albashi, hukunci, wanda zai tsaya maka in an riƙe ka. To a wancan zamanin jirgin da aka yi wa rajista a Dunedin ko Auckland na Niyu Zilan sunansa jirgin Birtaniya, jar tutar 'yan kasuwa yake ɗagawa, in ya shiga matsala a Valparaiso ta ƙasar Chile ƙaramin jakadan Birtaniya ne zai zo, in 'yan fashi ne sojan ruwan Birtaniya. Gaskiya in ni ne mai jirgi a 1890 ba zan yi gardama da wannan tsarin ba, wa zai tsaya min in ba su ba?

Lauya_Kd: Matuƙi ya kawo amfanin, ni bari in kawo kuɗin da aka biya. Babbar dokar jiragen kasuwanci ta 1894, mai sashe sama da 700, tana da sashe biyu da suka tsaya wa waɗannan ƙasashe a wuya, 735 da 736. Na farkon ya ce in suna son canja wani abu game da jiragen da aka yi wa rajista a wurinsu sai an kai Landan an tabbatar. Na biyun ya ce ko jigilar da ake yi tsakanin tashoshinsu na cikin gida za su tsara, dokar ba za ta fara aiki ba sai mai sarauta ya nuna yarda, kuma dole su ɗauki duk jiragen Birtaniya daidai da nasu. Inda abin ya yi zafi shi ne albashi, ƙungiyoyin ma'aikatan jirgi a Ostireliya da Niyu Zilan sun samu albashi mai kyau, kamfanonin Ingila kuma suna ɗaukar ma'aikata daga Indiya da araha, su 'yan can suna son a tilasta wa kowa biyan farashinsu, masu jirage a Landan da Liverpool suna cewa ba ku isa ba. Ostireliya ta yi tata dokar a 1912, aka jingine ta sai da Sarki ya amince, kuma duk da haka a 1925 babbar kotunsu ta ce wani ɓangarenta ya yi karo da ta 1894. Wanda ya kai ƙarar ma kamfanin Union ne na Niyu Zilan.

Sarkin_Gardama: To kar a mai da su waliyyai, ba tausayin ɗan Indiya ne ya dame su ba, so suke a kore shi daga aikin gaba ɗaya.

Lauya_Kd: Wannan gaskiya ne, wariyar launin fata na ciki dumu-dumu, lokacin ne ma Ostireliya ke kan manufar farar fata zalla.

Matuƙin_Apapa: Akwai wani labari da nake so. A 1830 wani jirgi mai suna Sir George Murray da aka ƙera a Hokianga ta Niyu Zilan ya je Sydney da kaya, kwastan suka kama shi don ba shi da rajista ba shi da tuta. Saboda wannan ne a 1834 aka tara sarakunan Maori, 'yan asalin ƙasar, a Waitangi aka shimfiɗa musu tutoci uku suka zaɓi ɗaya. Ka ga tutar farko ta ƙasar ma matsalar kwastan ce ta haife ta.

Ɗan_Kumasi: Amma Matuƙi a 1830 ai ba su shiga hannun Birtaniya ba tukuna, yarjejeniyar Waitangi tsakanin Birtaniya da sarakunan Maori 1840 ce.

Matuƙin_Apapa: Shi ne ai dalilin kamun, ba na Birtaniya ba ne balle a ba shi rajistarsu, kuma babu wata gwamnati a can da za ta ba shi tata.

Jikan_Saje: Ni maganar lambar yabo ce ta tsaya min. Kakana ya yi yaƙin Bama, yana cikin sojan Afirka ta Yamma da aka kwasa zuwa can, lambobinsa na nan a gwangwanin alewa a ɗakin kakarmu an naɗe su da tsumma, akwai mai siffar tauraro da ƙyallenta ja da shuɗi da ruwan lemo, akwai zagayayya mai kan Sarki Joji. In ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta zo sai ya sa a goge su da toka da lemun tsami ya liƙa a kan babbar riga. Mu dai an san mallaka ake yi mana, ba mu da ta cewa. Amma su da suke da majalisa me ya hana su ƙera tasu?

MalamTarihi: Allah ya jiƙan Saje. Ai sun gwada, kuma labarin da daɗi. Lambar Victoria Cross, wadda ita ce ƙololuwar lambar jarumta a wurinsu, an ƙirƙiro ta a 1856 don sojan Birtaniya. A yaƙe-yaƙen da aka yi da Maori wani Charles Heaphy na dakarun sa-kai na Auckland ya yi abin bajinta a 1864, aka yi ta kai-komo da Landan don shi ba sojan Sarauniya na dindindin ba ne, sai a 1867 aka faɗaɗa ƙa'idar ya samu. To daga nan Birtaniya ta fara janye sojojinta, na ƙarshe suka tafi a 1870, ya zama dakarun gida ne ke fafatawa da jagororin Maori, Titokowaru a Taranaki da Te Kooti a gabas, kuma fahimtar da aka yi a Wellington ita ce wanda ba ya ƙarƙashin hafsan Birtaniya ba zai samu lambar ba. Sai gwamna Sir George Bowen, ranar 10 ga Maris 1869, ya zauna da majalisar zartarwarsa suka ƙirƙiro tasu, New Zealand Cross, ba tare da ya tambayi kowa a Landan ba. Ku tuna lokacin wasiƙa sai ta yi wata da watanni a teku, waya ba ta iso ƙasar ba tukuna. Da labari ya isa ofishin kula da ƙasashen mallaka aka rubuto masa wasiƙar jan kunne, cewa ya wuce gona da iri, ba gwamnan da ke da ikon ƙirƙirar lambar girma, wannan na Sarauniya ne ita kaɗai. Amma an riga an sanar da sunayen mutane, a ce a janye kuma abin kunya ne, dole Sarauniya Victoria ta amince daga baya. Mutum 23 kacal suka taɓa samun ta, shi ya sa yau take cikin lambobin da suka fi wuyar samu a duniya. Cikin su akwai Maori da suka yi yaƙi a ɓangaren gwamnati, irin su Te Keepa Te Rangihiwinui da Ropata Wahawaha.

Bagobiri_77: To ka gani! Gwamnan da su suka turo ma sun ci masa fuska, ina ga firimiya.

MalamTarihi: Ka kalli ɗaya gefen kuma, ya yi gaban kansa kuma abin ya zauna. Haka dangantakar take tafiya, Landan ta yi faɗa a takarda sannan ta haɗiye.

Ɗan_Kwatarkwashi: Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Duk wannan jarumtar da ake ta yabo, a kan wa aka yi ta? A kan masu ƙasa da ke kare gonakinsu. Mu nan garinmu an san wannan, a 1903 bayan an ci Kano, a nan Kwatarkwashi aka tare rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato, Waziri Ahmadu ya yi shahada, shi kuma Laftanar Wallace Wright da ya jagoranci sojan Turawa aka ba shi Victoria Cross. Sojojin da suka tsaya a sahu suka yi harbin kuma baƙaƙe ne 'yan'uwanmu. Saboda haka ni ko Landan ce ta buga lambar ko Wellington, Bamaore da aka ƙwace wa fili bai ga bambanci ba.

Umman_Sadiq: Wallahi jikina ya yi sanyi. Allah ya jiƙan magabata.

Lauya_Kd: Ɗan Kwatarkwashi maganarka na kan hanya, amma a ɓangaren kotu akwai bambanci, kuma ba inda ake zato ba. Sau da yawa masu ƙasa sun fi samun sauƙi a Landan a kan kotun Turawan da ke zaune a kan filinsu. A 1877 babban alƙalin Niyu Zilan, Prendergast, ya yanke cewa yarjejeniyar Waitangi ba ta da wani ƙarfi a doka. Privy Council ce a 1901, a shari'ar Nireaha Tamaki, ta ƙi yarda da cewa wai babu wata al'adar mallakar fili ta Maori da kotu za ta duba. A 1903 suka sake yin wani hukunci kan wani fili a Porirua da ya soki kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar, alƙalan Wellington suka fusata har suka yi zama na musamman a bainar jama'a suna mai da martani, babban alƙali Robert Stout na gaba. Mu ma mun ga irinsa, Amodu Tijani, Oluwa na Legas, a 1921 can ya je ya ci gwamnati kan filin Apapa. To mulkin kai na waye? Na baƙin da suka zo suka zauna ne, kuma wani lokacin igiyar Landan ita kaɗai ce ke ɗan taka musu birki.

Sarkin_Gardama: Barista kar ka sa mu fara yi wa Privy Council kirari. Kotun da yawancin alƙalanta ba su taɓa taka ƙasar ba, kuma sai mai kuɗin jirgi da na lauyan Landan ne zai kai ƙara, talaka nawa ne suka isa can? Mu ai da ta yi hukunci a rikicin Akintola da Adegbenro a 1963 ba a ma bari ya yi aiki ba, aka gyara tsarin mulkin Jihar Yamma aka mai da shi baya, watan Oktoba muka zama jamhuriya aka rufe ƙofar.

Lauya_Kd: Ban ce tsarkakakkiya ba ce. Kanada ma ta hana kai ƙarar manyan laifuka can tun 1888, a 1926 kotun ta ce wannan hanin bai inganta ba. Ka ga mai hukunci a kan ko za a ci gaba da zuwa wurinsa shi ne shi kansa.

Bazindire: Ina biye da ku daga Damagaram. Abin da Bagobiri ke mamaki mu mun rayu a cikinsa, gajere dai. Ranar 18 ga Disamba 1958 Nijar ta zama jamhuriya mai mulkin kanta cikin ƙungiyar Faransa, amma tsaro, harkokin waje, kuɗi, sa ido kan shari'a, sufurin waje duk suna Paris har 3 ga Agusta 1960. Kusan jerin ɗaya ne da na Ingilishi. Bambancin mu shekara biyu ba ta cika ba, su kuma sun kusa shekara ɗari a haka, kuma ba wanda ya tsare su da bindiga.

MalamTarihi: Bazindire ya taɓo inda nake son zuwa. A 1931 majalisar Birtaniya ta yi dokar Westminster, ta ce dokar 1865 ta daina aiki a kansu, suna iya yin dokar da ta tsallake iyaka, har ta ambaci sashe na 735 da 736 da lambarsu ta cire. An miƙa musu makullin da Hajiya ta ce kenan. Kanada da Afirka ta Kudu suka karɓa nan take. Niyu Zilan ta roƙa a sa sharaɗin cewa ba za ta shafe ta ba sai ta nema da kanta, kuma ba ta nema ba sai 1947. Dalili a fili yake, tun da wani jirgi mai suna Dunedin ya kai naman rago daskararre Landan a 1882 kasuwarsu kusan guda ɗaya ce, nama da man shanu da ulu duk Ingila, bashi daga Landan, tsaron teku daga Landan, yawancinsu kuma suna kiran Ingila gida. A 1909 su da kansu suka ce za su saya wa sojan ruwan Birtaniya katafaren jirgin yaƙi kyauta.

Ɗan_Kumasi: Ostireliya fa, ita ma ta yi jinkiri ko?

MalamTarihi: Ta yi, sai 1942, kuma abin da ya ƙara tunzura su shari'a ce a cikin jirgi. An yi kisan kai a jirgin yaƙinsu HMAS Australia, kotun soja ta yanke wa ma'aikata biyu hukuncin rataya, gwamnatin Canberra ta so ta sassauta sai ta tarar ba ta da iko, don an miƙa jiragen ƙarƙashin rundunar ruwan Birtaniya saboda yaƙi, dokar Birtaniya ce ke aiki a kansu. Sai da aka roƙi Sarki Joji na shida ya mai da shi ɗaurin rai da rai. 'Yan ƙasarka, a jirginka, amma sai ka yi roƙo. A shekarar suka karɓi dokar Westminster.

Jikan_Saje: Lambar fa Malam, yaushe ta dawo hannunsu?

MalamTarihi: Ita ma ta daɗe ƙwarai. A yaƙin duniya na biyu shawarar ba da lamba sai ta bi ta hannun manyan hafsoshin Birtaniya ta ƙare a Landan. Akwai Saje Haane Manahi na bataliyar Maori, a Takrouna ta Tunisiya a 1943 ya hau wani dutse mai tsayi da mutane ƙalilan suka ƙwace shi, janar-janar suka sa hannu a ba shi Victoria Cross, a Landan aka rage ta zuwa DCM, lambar da ke ƙasa da ita. Bayan rasuwarsa mutanensa na ƙabilar Te Arawa suka yi ta bi, Sarauniya Elizabeth ta ce mahaifinta ya rufe ba da lambobin wannan yaƙin tun 1949, a 2007 aka aiko musu da takobi da wasiƙa da ƙyallen coci a madadi. Tasu Victoria Cross ta Niyu Zilan sai 1999 aka kafa ta, Willie Apiata ya fara samu a 2007 kan abin da ya yi a Afganistan.

Bagobiri_77: Na karanta duka kuma na ƙaru, amma ban sauka daga maganata ba. Ko kai ka roƙa a riƙe maka makulli, in ranar da kake son buɗewa sai ka nemi izini, ba ka da iko. Shari'ar jirgin nan ta 1942 ta ishe ni hujja.

Sarkin_Gardama: Yau ni da Bagobiri layi ɗaya, a rubuta.

Matuƙin_Apapa: Ni kuma ina nan kan bakata. Yanzu kowa na da tutarsa da rajistarsa, amma je ka tsaya a Apapa ka ƙirga jiragen da ke shigowa, Laberiya, Panama, Tsibiran Marshall, masu su kuma suna Girka ko Singafo. Ƙa'idojin ma yawanci daga hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya suke fitowa, kuma ku tambaye ni ina hedkwatarta take. Landan.

Umman_Sadiq: Barista tambaya ɗaya, shi Macleod ɗin da aka sake shi, wace matar ce doka ta sani a cikin biyun?

Lauya_Kd: Uwargida, Hajiya. Ɗaurin kawai aka soke don kotun ba ta da hurumi, ba a ce auren na biyu ya ɗauru ba.